Ciwon Yaya Mamudu da Tukwanen da Suka Huje a Wuri Ɗaya

'Ya'yana, wannan babin shi ne wanda na fi daɗewa ina ɗage rubuta shi. Kun daɗe kuna jin mutanen layinmu na Akwatia Line a Kumasi suna kirana Inusa Mai Magagari, kuna tsammanin yabo ne saboda na iya goge tukunya. Ba yabo ba ne. Baba Seidu ne ya laƙaba mini sunan a shekarar da zan ba ku labari, kuma na cancanci hakan. Ina so ku ji daga bakina, tunda Allah ya sa na iya riƙe alƙalami kafin in tsufa.

Kun san sana'armu, amma jikokina ba lalle su sani ba. Muna sayen tsohon alminiyon a wurin masu tara tsohon ƙarfe, mu narkar da shi a kan gawayi, mu zuba tukwanen da Asante suke kira dadesen. Kafin a zuba, sai an sami tukunya mai kyau wadda mu a layinmu muke ce wa uwa. A danna ta cikin akwatin ƙasa mai laima, a cusa ƙasa ciki da waje, a cire ta a hankali, sai ta bar gurbinta. A cikin gurbin nan ake zuba narkakken ƙarfe. Tukunyar da ta fito 'yarta ce, duk abin da ke jikin uwar yana jikinta. Akwai kuma al'adar da muka tarar: ba a hana maƙwabci aron uwa. Idan mace ta zo tana son girman da ba ka da shi, sai ka leƙa rumfar kusa ka ɗauki sabuwar tukunyar da suka zuba, ka yi uwa da ita, ka mayar. Ba a ma tambaya sosai, sallama kawai ake yi.

Ina saurayi, Babanmu yana da rai, wata safiya babbar uwar da muke zuba wa masu dafa wake da shinkafa ta suɓuce daga hannuna ta faɗi a kan dutse. Ta lotse ƙasa da kunne. Baba mutum ne mai zafin hannu, kuma uwar nan tun daga wurin mahaifinsa ya gaje ta. Babu kowa a rumfa. Na ɗauki guduma na buga lotsawar daga ciki, na ɗauki magagari na goge wajen har ya yi sumul. Ido ba ya ganin komai, sai dai kaurin wurin ya ragu, kuma na sani. Na mayar da ita inda take. Bayan wasu watanni mata suka fara dawo da tukwane sun huje, kowace a wuri ɗaya, yatsa uku ƙasa da kunne. Da farko namu ne kaɗai. Daga baya na rumfar kusa, sai na gaba da ita, har layin gaba ɗaya. Rumfa ɗaya ce ta tsira, ta Seidu, wani mutumin arewa da ya zo Kumasi da nasa uwayen, kuma ba ya aro saboda kunya irin ta baƙo. Mutane suka ce huji ɗaya a wuri ɗaya daga rumfuna daban-daban ba aikin wuta ba ne, aikin hannu ne, wato asiri, kuma ga wanda abin bai taɓa ba. Yayana Mamudu da Seidu aminai ne, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Daga ranar Yaya bai sake yi masa sallama ba. Ni kuwa na saci jiki na narkar da uwar, na ce ta ɓata, ina tsammanin abin zai tsaya. Bai tsaya ba, domin 'ya'yanta sun riga sun zama uwaye a rumfunan mutane. Sai da kowa ya gaji ya canza nasa. Na yi shiru shekara ashirin da uku.

Yanzu in zo kan ciwon. Bayan rasuwar matarsa ta fari, Yaya Mamudu ya auri Adiza, wadda kuke kira Maame. 'Yar Asante ce daga wani ƙauye, sunanta na gida Afua, ta zo Kumasi tana sayar da abinci a bakin layinmu, ta musulunta kafin auren. Mace ce mai dariya. Ni tana kirana maigida ƙarami, kullum sai ta aiko mini da miyar kwakwa, ta ce in ci in yi ƙiba in daina kama da sandar zuga wuta. Suna cikin zamansu lafiya Yaya ya fara kukan ciki. Cikinsa yana ɗaurewa, bayan gida yana yi masa wuya, ya sha jiƙo iri-iri. Aka yi shekaru a haka. Sai hannunsa na dama ya fara rawa idan ya ajiye shi a cinya. Wata rana ya ɗago kaskon narkakken ƙarfe, hannun ya ƙi shi, ƙarfen ya zube kusa da ƙafata. Tun daga nan bai sake zubi ba. Takunsa ya gajarce, yana jan ƙafa. Fuskarsa ta daina motsi, ko an yi abin dariya sai dai ya kalle ka. Muryarsa ta yi ƙasa har sai ka kai kunne kusa da bakinsa.

Babbar yayarmu Azumi, wadda ke da teburin kayan yaji a kasuwar Kejetia, ita ce uwa a gidanmu tun bayan rasuwar Mma. Idan ta yi magana a tsakar gida ana jin ta a bakin titi. Tana son Yaya Mamudu sosai, kada ku manta da wannan idan kuna karanta abin da ya biyo baya. Ta ɗauki rigarsa ta kai wa wani mai duba, ta dawo da magana ɗaya.

"An ba shi a abinci," in ji ta. "Ku duba da idonku. A ciki ya fara, ko ba a ciki ba? Daga ciki ya hau hannu, daga hannu ya sauka ƙafa, yanzu ya kama fuska da murya. Wane ciwo ne yake tafiya kamar mai zuwa kasuwa? Abin da aka aiko shi ne yake tafiya. Kuma wa ke dafa masa?"

Kowa ya kalli ƙofar Adiza. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na yarda. Maganar ta yi mini daidai a kunne. Na daina cin abincinta. Ranar da na mayar mata da kwano ban taɓa ba, ta buɗe murfin ta duba, ta ɗago ta kalle ni.

"Maigida ƙarami, kai ma?"

"Na ƙoshi ne, Maame."

"To," in ji ta. "Allah ya ƙara ƙoshi."

Yaya Azumi ta sa rana. Lahadi biyu masu zuwa dangi za su zauna, a sa Yaya ya sallami Adiza ta koma ƙauyensu, shi kuma a ɗauke shi a kai shi arewa wurin mai magani. Yaya yana ta motsa baki yana cewa a'a, amma muryarsa ba ta kai ko'ina. Azumi ta ce ai wannan ma yana cikin aikin, an ɗaure masa baki ne.

A lokacin na shekara guda da rabi ina zuwa ajin manya. Bayan la'asar, ranar Asabar da Lahadi, muke zama a kan bencin yara a makarantar Islamiyya ta unguwa, gwiwoyinmu suna taɓa ƙirji. Malaminmu ya yi karatu a Najeriya, yana koya mana rubuta Hausa da boko. Ni ne mafi jinkiri a ajin. Layi ɗaya yakan ɗauke ni lokacin da wani zai cika shafi, amma ba na gogewa sau biyu. Saboda wannan ne Adiza ta tare ni a bakin famfo. Ta ce ta kai Yaya babban asibiti a ɓoye, likita ta ba shi ƙwayoyi, kuma tana son wani ya riƙa rubuta lokacin da ya sha da yadda jikinsa ya yi bayan nan. Ita ba ta iya ba, kuma ba ta da wanda za ta roƙa a gidan.

"Ba don ni ba," in ji ta. "Don ɗan'uwanka."

Na yarda, amma da wata niyya. Na ce a raina zan je in ji ko likita za ta ga guba a jininsa. Kwana tara ina rubutawa a littafin ajina: ƙarfe kaza ya sha, ƙarfe kaza hannu ya lafa, ƙarfe kaza ya iya ɗaura maɓallin riga. Ranar komawa muka hau motar haya da muke kira trotro mu uku, Yaya a tsakiya.

Likitar matashiya ce, kuma da ta ji muna Hausa sai ta ajiye Turanci da Twi ta ce ita ma 'yar zango ce, unguwar Hausawa. Ta karɓi littafina ta karanta shi tun daga farko, ba ta yi dariyar rubutuna ba. Ta ce ciwon sunansa Parkinson, ciwon ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi. Ni kuwa na tambaye ta abin da ya kawo ni.

"Likita, in ciwon kai ne, me ya sa ya fara a ciki? Me ya sa yake tafiya?"

Ta ajiye alƙalaminta. Ta ce in ina so in rubuta, za ta yi a hankali. Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar ɗakuna a jere, kuma na jijiya suna miƙa hannu suna taɓa juna tun daga hanji har ƙwaƙwalwa. A cikin kowane ɗaki ana ƙera wani abu da ake kira furotin. Kowane furotin yana da yadda ya kamata ya naɗe kafin ya yi aikinsa. Wani lokaci sai guda ɗaya ya naɗe a karkace. Shi kaɗai ba komai ba ne, jiki yakan share irinsa. Matsalar ita ce idan mai kyau ya jingina da shi, sai ya ɗauki karkacewarsa. Su manne da juna, na uku ya zo ya ɗauka, har su zama dunƙule da ke toshe ɗakin. Sannan dunƙulen ya gutsure, gutsuren ya fita ya shiga ɗakin maƙwabta, ya tarar da masu kyau a can, su ma su ɗauki siffarsa. Ta ce masu bincike da yawa suna ganin haka abin yake bi ɗaki-ɗaki a kan hanyar jijiya, kuma a wasu mutane yana farawa ne daga hanji ko daga hanci, ya yi shekaru yana hawa kafin hannu ya fara rawa.

Na daina rubutu.

"Likita," na ce, "wanda ya ɗauki karkacewar, shi ma yana iya ba wani?"

"Shi ne ainihin abin. Kowane ya zama abin kwaikwayo ga na gaba."

"Ko da an cire na farkon, ba zai tsaya ba."

Ta kalle ni. "Baba, wane aiki kake yi?"

Na gaya mata yadda muke zubi, da uwa, da 'ya, da aro tsakanin rumfuna. Ban gaya mata abin da na yi ba. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce ta yi shekaru tana naɗe takarda tana nuna wa mutane, ba wanda ya kama shi da sauri kamar mai zubin tukunya. Na tambaye ta ko wani zai iya ba mutum wannan a abinci. Ta ce ciwon Yaya ba a zuba shi a miya, kuma ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta kwano ko ta shimfiɗa. Na ce to wa ya karkatar da na farkon? Ta ce gaskiya ba a gama sani ba, kuma ba za ta ce mini ta sani ba. Ta ce ƙwayoyin za su sassauta masa sosai, amma ba za su kashe ciwon ba, kuma abin da ya fi buƙata shi ne mutumin da zai ba shi magani a kan lokaci, ya riƙa fita da shi yana takawa. Ta nuna Adiza da haɓa. Sannan ta yi wata tambaya da ba mu iya amsawa ba: yaushe ya daina jin ƙamshi? Adiza ta ce tun da ta san shi bai taɓa yaba ƙamshin miyarta ba, ta ɗauka halinsa ne. Na rubuta tambayar a ƙasan shafi na ja mata layi.

A cikin trotro na yi ta tunani har muka sauka. Na san Yaya Azumi. Idan na je na ce likita ta ce furotin, za ta ce in kai wa likitar furotin ɗinta. Abu ɗaya ne kawai duk gidanmu suka taɓa gani da idonsu yana tafiya daga wuri zuwa wuri ba tare da an aiko shi ba, kuma sun ɗora wa mutumin da bai ji ba bai gani ba. Ni kaɗai na san gaskiyarsa. In na faɗa, Adiza tana iya zama. In na yi shiru, girmana yana nan, ita kuma ta tafi, Yaya ya tafi arewa ba tare da mai ba shi ƙwaya ba. Kwana uku ina juya wannan. Uwarku ta ga na kasa cin abinci, na gaya mata komai, sai ta ce:

"Malam, in ka bari aka kori matar nan, za ka zama ka yi zalunci sau biyu."

Washegari da hantsi na tafi rumfar Seidu, can ƙarshen layi inda ya koma tun wancan lokaci. Ya tsufa, gashin kansa ya yi fari fat, yana zaune yana tankaɗe ƙasar zubi. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na durƙusa na faɗa masa tun daga faɗuwar uwar har narkar da ita. Bai daina tankaɗe ba sai da na gama.

"Da magagari?" in ji shi.

"Da magagari, Baba Seidu."

"Shekara ashirin da uku ana tsallake inuwata. 'Yata ta rasa miji biyu saboda an ce ubanta yana da hannu. Ashe magagari ne." Ya ajiye rariyar. "Me ya sa yau?"

Na gaya masa labarin Adiza da zaman Lahadi.

"Mamudu yana gane mutane?"

"Yana ganewa. Murya ce babu."

"Je ka. Zan zo. Ba don kai ba, Mai Magagari."

Ranar Lahadi da safe aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Dangi sun zo daga Ashanti New Town da sauran unguwanni. Yaya yana kan kujera, Adiza tana tsaye a bakin ƙofarta, ta riga ta ɗaure kayanta a zani biyu. Yaya Azumi ta fara jawabi. Na bari ta kai inda ta ce ciwo ba ya tafiya sai an aiko shi, sannan na nemi izini na tashi. A bayan ɗakin girki akwai tsohuwar tukunyar da muke zuba toka a ciki, zubin rumfarmu. Na kuma aro wata daga gidan maƙwabta, wadda kaji ke kwana a ciki, zubin wata rumfa daban. Na ajiye su gefe da gefe, na juya hujin kowace yana kallon mutane. A daidai nan Seidu ya yi sallama ya shigo da sandarsa.

"Wa ya kira wannan?" in ji Azumi.

"Ni ne, Yaya. Kun tuna waɗannan tukwane?"

"Wa zai manta? Ga mai aikin nan ka kawo mana har gida."

"Mai aikin yana gabanki, amma ba shi ba ne."

Na faɗa. Na faɗa duka, da dutsen, da gudumar, da magagarin. Na nuna musu yadda 'ya ta ɗauki raunin uwa, yadda aro ya kai shi rumfa-rumfa, da dalilin da ya sa rumfar Seidu ta tsira. Masu zubi uku da ke cikin dangi suka fara gyaɗa kai tun ban gama ba, domin sun san hanyar, ba su dai taɓa haɗa ta ba. Sannan na buɗe littafina na karanta abin da likita ta ce, kalma-kalma, ina bin layi da yatsa. Ban taɓa karatu a gaban mutane ba sai ranar. Na ce abin da ke jikin Yaya haka yake tafiya, mai karkata yana ba mai kyau siffarsa, ɗaki zuwa ɗaki, babu wanda ya aiko shi.

Azumi ta tafa hannu. "Ei! Jama'a ku ji. Mutumin da ya iya haɗiye magana shekara ashirin, yau ya shiga aji wata goma sha takwas ya zama likita. Kai ka lalata tukwane, mun ji, Allah ya isa wa Seidu. Wannan bai wanke mai dafa abinci ba."

"Gaskiya ne, Yaya. Saura tambaya ɗaya, kuma ke kaɗai za ki iya amsawa, don ke kika fi kowa saninsa. Likita ta ce abin yakan fara da hanci tun kafin hannu. Yaushe Yaya Mamudu ya daina jin ƙamshi?"

"Wannan ai tsohon zance ne," in ji ta, ba ta ko tsaya tunani ba. "Tun sunan Rabi. Yana zaune kusa da murhu, gefen rigarsa yana cin wuta, duk gida ya cika da ƙauri, shi yana ta ba mutane goro. Ni na watsa masa ruwa. Na ce Mamudu, hancin nan naka na ado ne?"

Wasu suka yi dariya, don sun tuna. Rabi ita ce autar Azumi.

"Da aka ɗaura aurensa da Maame, Rabi tana ina?"

"Tana gudu a tsakar gidan nan, ita ta zubar da kunun..." Ta tsaya.

Babu wanda ya taimake ta. Kowa yana lissafi a ransa. Yarinyar da ake raɗa wa suna ranar da riga ta ci wuta, tana gudu da ƙafarta ranar auren. A lokacin sunan, Adiza tana ƙauyensu, ba ta taɓa ganin Yaya ba, balle ta dafa masa. Azumi ta gyara ɗankwalinta, wanda bai karkace ba. A cikin shirun nan ne aka ji muryar Yaya, karo na farko cikin watanni da kowa ya yi shiru har ta isa kunne.

"Seidu," in ji shi.

Ya ɗago hannun damansa, yana rawa, ya miƙa. Seidu ya tako a hankali ya kama shi da hannu biyu, ya riƙe har rawar ta lafa a cikin tafinsa.

"Ka tsufa, Mamudu."

"Ka yafe."

"Kai na yafe maka tun a hanya. Ƙaninka ne zai sha wuya."

Yaya ya juya ido wajen ƙofa. "Adiza. Kwance kayan."

Ta kwance. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa kowa gori ba. Ta duba agogon bango ta ce lokacin ƙwaya ya yi, ta shiga ta ɗebo ruwa. Dangi suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa da ido a ƙasa. Azumi ba ta tashi ba. Ta zauna har azahar, har Adiza ta sauke tukunya. Shekara guda ke nan ba ta sa abincin matar nan a baki ba. Adiza ta zuba wa kowa, ta tsallake ta, kamar yadda aka saba.

"Ni ba mutum ba ce?" in ji Azumi.

Adiza ta zuba mata. Ta ci loma uku tana kallon bango.

"Gishiri ya yi yawa."

"To, Yaya," in ji Adiza. "Gobe ki zo ki sa da kanki."

Ta zo kuwa. Har yau ita ke kai Yaya asibiti duk lokacin da Adiza ba ta da lafiya, kuma ta gaya wa rabin Kejetia cewa ita ce ta gano ciwon, tunda ita ta tuna maganar hanci. Ban taɓa musa mata ba.

Yaya bai warke ba, kun gani da idonku. Amma shekara shida ke nan yana gidansa, a ɗakinsa, matarsa tana ba shi ƙwaya a kan lokaci. Da safe idan maganin ya kama, yakan taka har rumfar Seidu, su zauna su ci a kwano ɗaya, Seidu yana riƙe masa kwanon. Ni kuwa hukuncin da Seidu ya yanke mini shi ne in bi layin rumfa-rumfa in faɗa da bakina, na kuma bi. Wasu sun zage ni, wani ya ƙi karɓar hannuna har ya rasu, kuma aka cire ni daga cikin dattawan da ke sasanta rigimar layi. Sunan Mai Magagari ya bi ni. A layinmu yanzu ana aro kamar da, sai dai kafin a yi uwa da tukunya, sai an bi jikinta da yatsu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a ji kaurinta.

Abu na ƙarshe da Seidu ya nema shi ne, tunda na koyi rubutu, in rubuta, domin jikokinsa su sami abin nunawa idan wani ya sake cewa kakansu yana da hannu. Makon jiya na kai masa waɗannan shafuka na karanta masa a rumfa, Yaya yana gefe. Ya saurara har ƙarshe ido a rufe. Da na gama ya ce akwai kuskure ɗaya, hujin yatsa huɗu ne ƙasa da kunne, ba uku ba. Na ce uku ne, ni na goge wurin. Ya aika aka ɗauko tukunyar tokar daga gidanmu. Ya auna da yatsunsa, huɗu. Na auna da nawa, uku. Yaya Mamudu ya dube mu, fuskarsa ba ta motsa ba, amma kafaɗunsa suna girgiza, kuma mun san wannan ba rawar ciwo ba ce. Na bar shi uku, na rubuta cewa Seidu ya ce huɗu.